Yadda Aka Warkar da Kiyono

Kiyono Hatakeyama ba ta taɓa jin tsoron teku ba, amma akwai takardar likita mai hatimi biyu da ta ce an warkar da ita daga wannan tsoron. Ni na raka ta karɓo takardar, don haka ni ya kamata in ba da labarin.

A Isohama aka haife ta, ita ce ta uku cikin 'ya'ya mata bakwai. Ta bar makaranta tana da shekara goma sha biyu, ta shiga rumfar wakame, ganyen tekun da garinmu ke ci da shi. Aikin bai canza ba tun zamanin kakanninmu. Maza su yanko shi daga igiyoyin da aka shimfiɗa a ruwa, a tsoma shi a tafasasshen ruwan teku, a tsamo, a sanyaya, a cuɗa da gishiri, sannan mata su zauna su zare jijiyar da ke tsakiyar kowane ganye. Kiyono ta yi shekara sittin da bakwai tana wannan. Yatsunta sun lanƙwashe har ba ta iya ɓalle maɓallin riga, amma a zarar jijiya babu yarinyar da ke kamo ta.

Ta auri Genzo, masunci, wanda ya kunyata danginsa ya mutu a kan shimfiɗa, da ciwon hanta, alhali duk mazan gidansu a ruwa suke mutuwa. Ɗansu ɗaya yana Sendai yana sayar da tayoyin mota. Ni kuwa ta girme ni da shekara uku. Na gama sakandare, na yi shekara talatin a gidan waya, kuma saboda wannan laifin ba ta taɓa kirana da sunana Sadae ba. Akawu take ce min.

Ranar da teku ya hau tudu tana rumfa. Jiniya ta yi kuka, ta cire safar hannu, ta hau dutsen wurin bauta da ƙafarta, ta tsaya tana kallon gidanta yana wucewa. Ta rasa gida da rumfa da ƙanwar mijinta, wadda suka yi shekara ashirin ba sa magana. Bayan nan kullum sai ta yi zancenta.

Aka kwashe mu aka zuba a gidajen wucin gadi a filin wasan makaranta, can saman tudu. Akwatuna ne guda arba'in da takwas, bangonsu bai kai kaurin tafin hannu ba. Ni ina lamba goma sha biyu, ita tana sha uku. Idan ta yi atishawa ni ke cewa sannu.

Kada a ce ni butulu ce. Barguna da shinkafa da kananzir da aka kawo a watannin farko su suka hana mu mutuwa, kuma waɗanda suka kwashe laka daga titunanmu da hannunsu ban manta da su ba. Amma taimako yana da wata ɗabi'a: idan ya gama abin da ya zo yi ba ya komawa gida. Bayan barguna sai takalman rawa masu tsini, sai rigunan iyo, sai kwali bayan kwali na tsuntsayen takarda da 'yan makaranta suka naɗa, waɗanda ba a ci, ba a sawa, kuma ba wanda ke da zuciyar ƙona su. Mawaƙa suka zo suka yi mana waƙar kewar gida. Wani mutum mai jar hula ya zo ya koya mana dariya, wai tana ƙara lafiya, muka tsaya a layi muna ha-ha-ha bisa umarni. Kuma kowane baƙo sai an dafa masa shayi, an fito masa da jiƙaƙƙen kabeji, an raka shi har mota ana sunkuyawa. Ba aikin da ya gajiyar da mu kamar ƙarfafa gwiwar masu zuwa ƙarfafa mana gwiwa.

Cikin duka, masu jiƙa ƙafa ne kawai Kiyono ke zuwa wurinsu. Ƙungiya ce daga Tokyo, sunanta Ɗumin Zuciya, suna zuwa kowace Alhamis da ƙarfe biyu. Za ki zauna a kujera, ki sa ƙafa a robar ruwan zafi, wata ta riƙe hannunki tana matsawa. An koya musu kada su yi tambaya mai yawa, su dai maimaita abin da tsohuwa ta faɗa don ta ji ana saurarenta. Abin da ba mu sani ba da farko shi ne, duk abin da kika yi gunaguni a kai, bayan kin tafi sai a rubuta shi a kati a kai ofishin kula da tsofaffi.

Shugabarsu Madam Shirakawa, matar wani tsohon ma'aikacin banki, mace mai shekara sittin da taushin hannu kamar ba ta taɓa wanke tukunya ba. Ita ta ɗauki Kiyono.

A lokacin Tsutomu, ɗan yayan Genzo, da sauran mazan da suka rage sun fara mayar da igiyoyi cikin ruwa. Ba wanda ya gayyaci Kiyono. Ita ta fara sauka tashar jiragen ruwa da ƙafa, tafiyar minti arba'in, ta yini tana warware igiya tana zagin ɗaurinsu, sannan ta hawo tudun. Shekararta saba'in da tara. Ranar Alhamis takan dawo daidai ƙarfe biyu, don ruwan zafin kyauta ne.

Ina kujerar gefe ranar farko. Kiyono ta tsoma ƙafa, ta lumshe ido, ta ja numfashi ta ce, "Kai, kowai."

A bakinmu na arewa, kowai na nufin na gaji, jikina ya yi tsami. A bakin mutanen Tokyo kuwa yana nufin ina jin tsoro. Ni na san haka saboda malamin sakandare ya cire mana kalmar da rula.

Madam Shirakawa ta matso. "Kowai, Kaka?"

"Kowai mana."

"Tun yaushe?"

"Tun da na sauka bakin teku. Kullum in na je haka nake dawowa. Har ƙafafuna rawa suke."

"Ƙafafunki rawa suke," in ji Madam, idonta ya kawo ruwa. "Da dare fa?"

"Da dare ya fi. Ko juyi ba na iyawa."

Na buɗe baki zan yi magana, sai dariya ta taso min, na mayar da ita tari. Da yamma na ba matan layinmu labari muka yi dariyar da mai jar hula bai taɓa samu daga gare mu ba. Muka ce bari mu ga iya inda abin zai kai.

Ya kai nesa. Cikin wata guda aka liƙa wa ƙofar Kiyono ɗan jan tambari, alamar mai bukatar kulawa ta musamman. Aka fara kawo mata alewar wake daga shagunan Tokyo, irin wadda ake naɗewa a takarda uku, kuma da yake ba ta son zaƙi mu ke cinyewa. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Mizoguchi, ya fara zuwa duba ta sau ɗaya a wata. Da kaka aka ce a kai ta wankan maɓuɓɓugar ruwan zafi a cikin duwatsu don hankalinta ya kwanta, kuma bai dace ta tafi ita kaɗai ba, sai aka cika bas da mu. Inda hanya ta bi gefen teku aka ja mata labule. Mujallar ƙungiyar ta buga hotonta daga baya, an rubuta a ƙasa: tsohuwar da ba ta iya kallon teku. A hoton tana kallon bango ne saboda tana neman inda ta rataye lemarta.

Ita ba ta karanta mujalla, rubutun ya yi mata ƙanana. Abin da ta fahimta daban ne.

"Akawu," ta ce min a bas, "mutanen Tokyon nan ashe suna da tarbiyya. Shekara sittin ina cewa na gaji, Genzo bai taɓa ɗago kai ba. Waɗannan kuwa in faɗa sau ɗaya sai kuka."

"Sun san darajar gajiya, Yaya," na ce, bakina cike da alewarta.

Haka muka yi shekara biyu da rabi. Mun je ruwan zafi sau huɗu.

A hunturu na uku aka gama gina gidajen dindindin. Rukuni biyu ne. Ɗaya a kan gangaren da ke saman tashar jiragen ruwa, ɗaya a Nakazato, kusa da asibiti, kilomita ashirin da biyu cikin ƙasa, inda bas ke zuwa sau biyu a yini kuma na farkon yana isowa tasha bayan an gama tafasa wakame. Aka yi ƙuri'a, na samu na gangare. Kiyono ta shigo ɗakina da wasiƙarta, ko sallama babu.

"Karanta min. Wane bene aka ba ni?"

Na karanta a zuci tukuna. An rubuta cewa bisa la'akari da halin da take ciki, an cire sunanta daga ƙuri'ar gidajen da ke kallon teku, an keɓe mata ɗaki a Nakazato, inda ba za ta ji ko ƙarar ruwa ba. An rufe da yi mata fatan kwanciyar hankali.

Na karanta mata. Sannan na gaya mata sauran, tun daga robar ruwan zafi ta farko. Ban yi wa kaina ado ba.

Ta dube ni. "Kin sani tun ranar?"

"Na sani."

"Duk layin nan sun sani?"

"Duka."

"To alewar nan ta tsoro ce kuka yi ta ci."

"Ita ce."

"Ta yi daɗi?"

"Ta yi daɗi, Yaya."

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. "Sa rigarki ta zuwa jana'iza. Bokon da ya sa ki dariya shi zai fitar da ni."

Jami'in da ke riƙe da fayil ɗinta sunansa Fukumoto. Aronsa aka yi daga wata ƙaramar hukuma ta kudu, don namu ma'aikatan da yawa ruwa ya tafi da su. Mutumin kirki ne, yana sunkuyawa har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Na yi masa bayanin kalmar da irin harshen da nake yi wa manyan gidan waya. Ya kira wata ma'aikaciya 'yar garinmu ya tambaye ta, ta ce ƙwarai, kakarta ma haka take faɗa. Ya jawo fayil ɗin. Kaurinsa ya kai matashin kai.

"Kati ɗari da goma sha ɗaya ne, Kaka," ya ce. "Kowanne an buga shi da na'ura, kuma an rubuta kalmar da harafin da ke nufin tsoro. Ga kuma rahoton likita."

"Ba na tsoron komai," in ji Kiyono. "Yau da safe ma daga can nake. Shinshina hannuna."

Bai shinshina ba. Ya buɗe shafi ya juyo mana da shi. Likita ya rubuta cewa mai irin wannan ciwo yakan musanta shi, kuma yakan yi ta komawa wurin da abin ya faru ba da son ransa ba.

"Wato in na ce ina tsoro, ina tsoro. In na ce ba na tsoro, ina tsoro."

"Ni ba likita ba ne, Kaka. Abin da hatimin likita ya ɗaura, hatimin likita ne ke kwancewa." Ya rage murya. "Akwai ɗaki ɗaya a gangare da ya koma babu kowa, mai shi ya rasu kafin ya tare. Zan iya riƙe shi zuwa ƙarshen Maris. Bayan nan ba hannuna."

Muna tsakiyar Janairu.

Dakta Mizoguchi ya zo a mako na gaba. Dogo ne mai furfura, yana magana a hankali kamar kowa jariri ne. Na sake bayanin. Ya ji daɗinsa sosai, har ya fito da ɗan littafi ya rubuta.

"Abin sha'awa," ya ce. "Kin ga hikimar harshe? Mutanenku sun haɗa gajiya da tsoro a kalma ɗaya, domin a can ƙasan zuciya abu ɗaya ne. Bakinta yana cewa gajiya, amma kalmar ta san abin da take nufi."

Kiyono ta juyo gare ni. "Me ya ce?"

"Ya ce kalmar ta fi ki sani."

Shekara talatin a bayan kantar gidan waya sun koya min abu ɗaya game da manya. Ba za ka sa mutum mai digiri ya yarda ya yi shekara biyu da rabi yana jin magana a karkace ba. Amma kana iya ba shi nasara. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Likita, shi wannan ciwon ana warkewa kuwa?"

Fuskarsa ta haskaka. Ashe tambayar da yake jira ke nan tun zuwansa garinmu. Ana warkewa, in ji shi, idan mara lafiya ya yarda a kusanta shi da abin tsoron kaɗan-kaɗan. Mataki takwas, mako takwas. Madam Shirakawa za ta gudanar, shi kuma ya zo na ƙarshe da kansa.

A hanyar gida Kiyono ta ce ba za ta yi ba. "In zauna in yi wa mutane ƙarya da furfurata?"

"Ba ƙarya za ki yi ba. Warkewa za ki yi."

"Daga me?"

"Daga Nakazato."

Ta yi tafiya kamar taku ashirin. Sannan ta ce, "Na je gaida Matsuyo, abokiyar aikina ta rumfa, a can. Tana zaune ta ɗora hannu a cinya kamar an ajiye mata su. Ta tambaye ni ko wace rana ce, na gaya mata, ta ce to, ba amfanin da za ta yi da ita." Ta share hanci da bayan hannu. "Alhamis ƙarfe nawa?"

Kowane zama ana tambayarta ta auna tsoronta daga ɗaya zuwa goma. Na tsara mata: tara, takwas, takwas, shida, haka har ƙasa, don kada saukar ta yi kama da shiri.

"Tara?" ta ce. "Ko ranar ruwan ban kai uku ba."

"Ki ce tara."

Makon farko aka nuna mata hoton teku daga nesa, wani shuɗin ruwa mai farin yashi. Madam ta riƙe hannunta ta ce ta ja numfashi. Kiyono ta ƙura wa hoton ido.

"Wannan ruwan ba abin da zai fito a cikinsa. Ya yi ɗumi."

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Tara," ta ce.

Mako na uku aka sa mata ƙarar igiyar ruwa a kunne, ta yi barci har da minshari, aka rubuta cewa jikinta ya fara sakewa. Gaskiyar ita ce girbi ya kama, tun asuba tana rumfa, kuma kafin ƙarfe biyu sai na sa ta a gaba ta wanke hannu da lemon tsami don warin teku ya fita. Mako na biyar aka kawo ruwan teku a kwano aka ce ta taɓa da ɗan yatsa in za ta iya. Ta tsoma, ta lasa, ta ce wanda ya ɗebo wannan a bakin kogi ya ɗebo, rago ne. Da Madam ta ce yaya ta ji, ta dube ni, ta ce biyar. Mako na shida aka tsayar da ita a saman tudu ta kalli teku na minti uku, ana riƙe da ita ta kowane gefe. Ta yi amfani da minti ukun ta gano cewa Tsutomu ya bar igiya ta bakwai ta yi sako-sako, kuma washegari ya ji a jikinsa.

Mataki na takwas shi ne a kai ta har tashar jiragen ruwa. Ya faɗo ranar ashirin da bakwai ga Maris. Na sauka kwana ɗaya kafin nan na tara mutanen rumfa.

"Gobe ku yi kamar ba ku gan ta ba tun shekara uku. Ku ɓoye takalmanta na roba da kujerarta. Wanda ya yi dariya ni da shi."

"Goggo Sadae," in ji Tsutomu, "ni fa ban iya wasan kwaikwayo ba."

"Ka iya ce wa matarka taron ƙungiya ka je."

Muka iso da ƙarfe goma a motar ƙungiya: likita, Madam, Fukumoto da fayil a hammata, da wani mai ɗaukar hoto. Aka fito da Kiyono kamar ƙwai. Na sa ta ɗaura gyale mai kyau. Likita yana dama, Madam tana hagu, ana ce mata taku ɗaya, numfashi ɗaya. Tafiyar da take yi a minti ɗaya ta ɗauke mu goma.

Tsutomu ya fito daga rumfa ya ware hannuwa. Mutumin da ya ce bai iya ba, sai ga shi yana neman wuce gona da iri.

"Goggo! Ke ce? Shekara uku! Ashe zan sake ganinki a nan?"

Ƙarfe bakwai na safiyar nan ta kira shi kan kabewa a gaban ma'aikatansa. Ta dube shi kamar za ta maimaita, na yi gyaran murya.

"Ka yi ƙiba," ta ce.

Matan rumfa suka tsaya a ƙofa, kowace ta toshe baki da gyale, kafaɗunsu na rawa. Likita ya raɗa min cewa dubi yadda abin ya taɓa su. Duk wanda ke tashar ya bar aikinsa ya zo kallo, har da mai kula da tukunya.

Wakame ba ya son jira. Yana shiga tafasasshen ruwa yake juyawa daga ruwan ƙasa zuwa kore, kuma kafin minti guda ya cika dole a tsamo shi, in ba haka ba ya yi laushi ya zama abincin aladu. Mai tukunyar ya zuba kwando guda a ciki, ya juyo yana kallonmu da sanda a hannu, ya manta.

Na ga hancin Kiyono ya motsa. Na ga idonta ya bar likita ya tafi kan tururin. Na ce a raina, ki daure, saura taku biyar. Ta daure na taku biyu.

Ta fizge hannuwanta, Madam ta yi tangal-tangal. Ta ratsa mutane da saurin da ban san tana da shi ba, ta ƙwace sandar, ta cusa ta ƙarƙashin ganyen ta juye shi cikin ruwan sanyi, ta sake, ta sake, bakinta bai tsaya ba.

"Ɗan banza, miya kake dafawa? Wata biyar abin nan yana ruwa don ka kashe shi a minti ɗaya? Tsutomu, kan kabewa, wa ya ce ka ba wannan sanda? Ina takalmana? Wa ya taɓa min kujera?"

Gyalen mai kyau ya faɗa cikin ruwan gishiri. Na dubi Fukumoto, ya dubi ƙasa. Na fara lissafin yadda ake zuwa Nakazato gaisuwa.

Likita ya cire tabarau ya goge.

"Shekara talatin ina wannan aiki," ya ce, "ban taɓa ganin irin wannan ba. Hannu ya tuna abin da zuciya ta binne. Har kujerarta ta tuna." Ya matsa kusa da ita. "Kaka, daga ɗaya zuwa goma?"

"Matsa, kana tare min haske."

Ya rubuta sifili. Fukumoto, wanda na fara zargin ya fi kamanninsa wayo, ya riga ya buɗe fayil a kan wata ganga ya miƙa masa jar tawadar hatimi.

Kiyono ta ƙi shiga mota, ta ce akwai aiki. Muka koma ni da Madam Shirakawa a kujerar baya. Ta yi ta kallon taga, sai da muka fara hawan tudu ta yi magana, a hankali don kada likita ya ji.

"Wani direban tasi ya ce min kowai bara da rani. Ya kwana yana tuƙi, gajiya yake nufi."

Na juyo na dube ta.

"Na koma masauki na zauna a bakin gado," ta ce. "Kati tamanin na riga na rubuta. An buga mujalla. Mutane sun aiko da gudummawa saboda hoton nan."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ke me ya hana ki?"

Ba ta jira amsa ba. Daga ranar na fara ganin mutuncinta. Ta ci gaba da zuwa har shekara biyu bayan ƙungiyar ta daina, da kuɗin motarta, kuma ta koyi zarar jijiya, ko da yake Kiyono ta ce akuya ma za ta fi ta.

Mujallar ta buga labarin warkewar a shafi huɗu, wannan karon da fuska. Likita ya kai shi wani taro a ƙasar waje. An ce an tafa masa.

Kiyono ta tare a watan Mayu, hawa na biyu, ƙofa uku daga tawa. Ɗakin yana da babbar taga da ke kallon bakin teku gaba ɗaya, har tsibirai. Ranar tarewa ɗanta ya zo daga Sendai da matarsa, suka tsaya a gaban tagar suna cewa ko otal sai haka. Ita kuwa ta sa Tsutomu da mutum biyu suka tura kabad ɗin kaya suka toshe ta.

"Iya, saboda wannan tagar fa aka yi duk wahalar nan," in ji ɗan.

"Wa ya gaya maka? Rana tana cin tabarma, iskar gishiri tana cin ƙarfe. Ni na ga teku." Ta nuna agogon hannunsa. "Daga ƙofar nan zuwa rumfa minti goma sha ɗaya ne. Na auna."

Ta yi girbi biyar a wannan ɗakin. A na ƙarshe ba ta iya tsayuwa a tukunya, sai zama, kuma minti goma sha ɗayan sun koma ashirin da biyar, amma ba ta fasa ko rana ɗaya ba. Ta mutu a ƙarshen Afrilu, kwana huɗu bayan an ɗaure buhun ƙarshe, tana da shekara tamanin da bakwai. Ni na same ta, zaune a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

Yanzu wani tsohon malamin makaranta ne a ɗakin. Ya sa an janye kabad ɗin, ya ajiye kujera a gaban tagar, yana yini yana kallon ruwa. An ce yana rubuta waƙoƙi a kansa. Tabarmar ta riga ta koɗe.